Sai Bango Ya Tsage: Yadda Ɓarnar Muhalli Ke Shigo da Cututtukan Dabbobi Cikin Mutane

Duk wanda ya yi ƙuruciya a garin da ke da lambunan mangwaro ya san abin da ake tararwa a gindin bishiya da sassafe lokacin bazara, wato nunannun 'ya'yan da jemage ya ɓantari gefensu cikin dare ya saki, suna kwance a ƙasa ƙudaje na bin su. Yara kan yi rige-rigen tsinta, domin sun san jemage ba ya taɓa ɗanye, sai su gutsure inda ya ci su tofar, su sha sauran, abin da ya rage kuma awaki su kalace. An daɗe ana haka a garuruwanmu ba mu ji an danganta wata annoba da shi ba. Amma irin wannan mangwaron ne, a ƙasar Malesiya, ya zama gadar da wata ƙwayar cuta ta taka ta bar jikin jemage ta shiga aladu, daga aladu ta faɗa cikin mutane, ta hallaka fiye da mutum 100 cikin 'yan watanni. Jemagun can sun daɗe suna ɗauke da ƙwayar tun kafin a haifi kakannin waɗanda suka mutu, saboda haka abin da ya kamata a bincika shi ne me ya sauya a wurin har ta samu ƙofa.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na cututtuka masu yaɗuwa da aka sani a jikin ɗan'adam daga dabbobi suka samo asali, kuma a cikin sababbin da suka ɓulla a shekarun baya bayan nan, kusan uku cikin huɗu ta wannan hanya suka zo. Ibola da zazzaɓin Lassa da ƙyandar biri da murar tsuntsaye da ciwon haukan kare duk 'yan wannan gida ne, haka ma ƙwayar da ke jawo ƙanjamau, wadda bincike ya nuna ta fito ne daga birai na dajin kudu maso gabashin Kamaru a farkon ƙarni na 20. Ƙwayoyin su kansu tsofaffi ne. Abin da yake sabo shi ne yawan cuɗanya tsakanin namun daji da dabbobin gida da mutane, kuma ba a rasa sanin dalili ba, domin Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce daga 1990 zuwa 2020 duniya ta rasa hekta miliyan 420 na daji, filin da ya fi faɗin Najeriya sau huɗu, kuma mafi yawansa gonaki da makiyaya aka mayar da shi.

Labarin Malesiya ya cancanci a tsaya a kansa, saboda a cikinsa ana ganin kowane mataki a fili. A kusa da birnin Ipoh akwai wata katafariyar gonar aladu mai dabbobi kusan 30,000, wadda aka kafa a bakin daji, kuma domin ƙarin riba aka dasa itatuwan mangwaro daf da garken, har rassansu na leƙawa kan rufin. Kashin aladun na zama taki ga itatuwa, mangwaron na kawo kuɗin shiga, kowa ya ga dabara ce mai kyau. Manyan jemagu masu cin 'ya'yan itace, waɗanda sare dazuzzuka domin katako da gonakin kwakwar manja ya rage musu wuraren kiwo, suka riƙa sauka a kan itatuwan da dare, suna tauna suna yar da saura, suna fitsari, duk yana zuba inda aladu ke ci. Aladun suka kamu da tari mai tsanani, sai masu kula da su suka fara kwanciya da zazzaɓi da ciwon kai da gushewar hankali. A ƙarshen 1998 hukuma ta ɗauka wata cutar kumburin ƙwaƙwalwa ce da sauro ke yaɗawa, wadda aka riga aka sani a yankin, don haka aka shiga feshin maganin sauro da allurar rigakafi, mutane kuwa suka ci gaba da mutuwa. Manoma da suka tsorata suka riƙa karyar da farashin aladunsu suna sayarwa, ta haka cutar ta yi tafiya kudu zuwa jihar Negeri Sembilan, inda ta fi yin ɓarna.

Sai a watan Maris na 1999 wani likita mai bincike a Jami'ar Malaya, Chua Kaw Bing, ya ware ƙwayar ya tabbatar da cewa sabuwa ce, aka kuma raɗa mata suna Nipah, daga sunan ƙauyen Sungai Nipah inda majinyacin da aka samo ta a jikinsa ya fito. Kafin a shawo kanta mutum 265 sun kamu, 105 sun mutu, an kashe aladu fiye da miliyan ɗaya, kuma ta tsallaka Singafo ta kama mahauta 11 a mayanka. Da farko wasu masana sun ɗora laifin a kan fari da gobarar dajin Indunusiya ta 1997, wadda hayaƙinta ya rufe yankin ya hana itatuwan daji yin 'ya'ya, suka ce yunwa ce ta koro jemagu zuwa lambuna. Binciken da ya biyo baya ya gano cewa an samu masu ɗauke da cutar a waccan gona tun farkon 1997, kafin hayaƙin, abin da ya nuna cewa tsarin gonar ne babban musabbabi. Haɗa lambu da garke a wuri ɗaya ya buɗe ƙofa, tara dubban dabbobi tare da shigo da sababbin 'ya'yan aladu a kai a kai kuma ya ba ƙwayar itacen da za ta riƙa ci ba ta mutu ba.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan batu bangon ba ɗaya ba ne. Kafin ƙwayar cuta ta bar dabba ta kwantar da mutum, dole dabbar ta kasance kusa, dole ta kasance tana fitar da ƙwayar da yawa a daidai wannan lokaci, dole ƙwayar ta jure zafin rana da bushewa har wani ya taɓa ta, dole kuma ta iya kama jikin da ta shiga ta fi ƙarfin garkuwarsa. A dajin da ba a taɓa ba, da wuya waɗannan su haɗu gaba ɗaya, shi ya sa ake iya shekaru ɗaruruwa ana maƙwabtaka da dabba ba a ga komai ba. Illar ɓarnar muhalli ita ce tana tsaga bangaye da yawa a lokaci guda. Tana matso da dabbar, tana raunana ta har ta riƙa zubar da cuta, tana kuma ajiye mata dabbar gida a tsakani wadda za ta karɓa ta miƙa wa mai ita.

Batun raunana dabba shi ne wanda jama'a suka fi rashin sani, kuma a Ostareliya aka fi fito da shi sarari. A watan Satumba na 1994, a unguwar Hendra ta birnin Brisbane, wata baƙuwar cuta ta kashe dawakin sukuwa fiye da goma tare da mai horar da su, Vic Rail. An gano ƙwayar 'yar'uwar Nipah ce, gidanta jikin jemage, kuma doki ne ke ɗauko ta idan ya ci ciyawar da fitsarin jemage ya zuba a kai, sannan ya shafa wa mai jinyarsa. Mutum bakwai aka tabbatar sun kamu tun daga lokacin, huɗu suka rasu. A 2022 wasu masana, cikinsu akwai Peggy Eby da Raina Plowright, suka wallafa sakamakon bibiyar jemagun yankin na tsawon shekara 25 a mujallar Nature, kuma abin da suka samu ya amsa tambayar da ta daɗe tana damun likitocin dabbobi, wato me ya sa wata shekara cutar ke ɓarkewa a wurare da yawa, wata shekarar kuma shiru.

Asalin rayuwar waɗannan jemagu irin ta makiyaya ce. Suna tafiya cikin manyan garkuna, suna bin furen itatuwan turare daga daji zuwa daji, suna shan ruwan zaƙin da ke cikinsa. Idan aka yi shekarar fari itatuwa suka ƙi fure, sukan rarrabu ƙungiya ƙungiya su raɓu da gonaki su lallaɓa da abin da ya samu, da zarar fure ya dawo kuma su koma daji. To, itatuwan da ke fure da hunturu, lokacin da abinci ya fi ƙaranci, a ƙasa mai kyau suke fitowa, irin wadda manomi da magini ke so, saboda haka su aka fi sarewa, har kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da ya rage ya tafi cikin shekarun da aka yi binciken. Da jemagun suka rasa inda za su koma, zaman wucin gadi ya zama na dindindin, yawan matsugunansu ya ninka sau uku, mafi yawa a gefen gari da filayen kiwon dawaki, inda suke rayuwa a kan abinci marar ƙarfi. Jemage mai yunwa kuwa ya fi fitar da ƙwayar a fitsarinsa. Abin da ya fi burge ni a binciken shi ne ɗaya gefen, domin a shekarun da ragowar dajin ya yi fure sosai da hunturu, jemagun sukan tashi su bar gonaki su tafi can, kuma a irin wannan lokaci ba a samu cutar ta tsallaka ba. Wanda ya ga yadda toshe burtali da cinye makiyaya ke tura garke cikin gonar mutane ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba.

Akwai kuma tambayar waɗanne dabbobi ne ke saura bayan an share daji. Manyan namun daji masu jinkirin haihuwa, da masu farautar ƙanana irin su kyanwar daji da mujiya da shaho da maciji, su ne ke fara ɓacewa. Waɗanda ke jurewa har su ƙaru su ne masu gajeren rai da yawan haihuwa, masu cin duk abin da suka samu, wato ɓeraye da wasu jemagu da ƙananan tsuntsaye. Wani nazari da aka wallafa a 2020, wanda ya tattara bayanai daga wurare kusan 7,000 a nahiyoyi shida, ya nuna cewa dabbobin da aka san suna ɗauke da cututtukan da ke kama mutum sun fi yawa a gonaki da garuruwa fiye da dajin da ke kusa da su. Ashe idan muka share daji tankaɗe muke yi, abin da ke tsayawa a rariya kuma shi ne mai cutar da mu. A arewa maso gabashin Amurka an ga haka da cutar Lyme, wadda kaska ke yaɗawa kuma aka fara lura da ita a jihar Connecticut a 1975. Inda aka yayyanka daji ƙanana ƙanana domin gina unguwanni, wani ɓera mai fararen ƙafafu ya yawaita saboda masu cinsa sun tafi, kaskar da ke shan jininsa kuma ta fi ɗaukar cutar.

Wannan ya kawo mu gida, domin zazzaɓin Lassa sunan garinmu yake ɗauke da shi. A watan Janairu na 1969 wata ma'aikaciyar jinya ta asibitin mishan da ke garin Lassa, a kudancin jihar Borno ta yau, mai suna Laura Wine, ta kwanta da zazzaɓin da ya ƙi jin magani, aka kai ta Jos ta rasu a can, wadda ta yi jinyarta ma ta bi ta. Shekara guda bayan haka likitar da ta duba su, Jeanette Troup, ta yanke a hannu wajen binciken gawa, ita ma cutar ta kashe ta. A farkon shekarun 1970 aka gano a Saliyo cewa wani ɓera ne ke ɗauke da ƙwayar, ɓera mai nonuwa da yawa wanda kan haifi 'ya'ya goma ko fiye a ciki ɗaya, yana rayuwa da ita lafiya lau yana zubar da ita a fitsari da kashi. Wannan ɓera ba na dajin ƙurmi ba ne, ya fi son saura da gona da bayan gida, saboda haka duk inda aka mayar da daji gonar masara ko rogo an faɗaɗa masa masarauta.

Ba banza ba ne cutar ta fi tsanani daga Disamba zuwa Afrilu. Da an gama girbi abinci ya bar gona ya koma rumbu da ɗaki, ɓera kuma ya bi shi, kuma binciken da aka yi a ƙauyukan Gini ya tabbatar da cewa da rani ya fi yawa a cikin gidaje. A daidai lokacin ne ake cinna wa daji wuta, wani don sharar gona, wani don sabon tsiro ya fito wa dabbobi, samari kuma don farautar gafiya da zomo, suna tsaye a bakin wuta da sanduna da karnuka. Abin da ya tsira daga wuta da sanda ba shi da mafaka sai gari. Matafiyi da rani ya saba ganin masara da rogo da barkono shanye a gefen kwalta, wani lokaci har su kwana a nan, ya kuma saba ganin buhunan hatsi jingine a ɗakin kwana da kwanon tuwon dare a buɗe. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kusan kashi 80 cikin 100 na masu kamuwa ba sa jin jiki sosai, shi ya sa ake raina cutar, amma a cikin waɗanda ta kwantar a asibiti takan kashe kimanin kashi 15, takan bar wasu da kurumta, kuma mace mai tsohon ciki in ta kamu da wuya cikin ya tsira. Edo da Ondo da Bauchi da Taraba na cikin jihohin da alƙaluman hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, NCDC, ke ambata kusan kowace shekara, kuma har yanzu muna rasa likitoci da ma'aikatan jinya kamar yadda aka rasa su a Jos.

Ruwa ma yana da nasa hannun. Zazzaɓin Rift Valley cutar tumaki da awaki da shanu da raƙuma ce, alamarta ta farko ɓari ya yawaita a garke. Ƙwayar na iya kwanciya cikin ƙwan wani sauro a busasshiyar ƙasa tsawon shekaru, ranar da ruwa ya kwanta a wurin sai su ƙyanƙyashe da ita a jikinsu, mutane kuma su kamu wajen yanka da fiɗa da taɓa ɗan da aka ɓarar, ko shan ɗanyen nono. An kammala madatsar ruwa ta Diama a kan kogin Senegal a 1986, ruwa ya kwanta a filayen da ba su saba da shi ba, makiyaya suka taru da dabbobinsu, a 1987 kuwa cutar ta ɓarke a yankin Rosso na Muritaniya ta kashe fiye da mutum 200. A 2016 ta bayyana a jihar Tawa ta Nijar, musamman wajen Cintabaradan, a ƙarshen damina lokacin da garkuna ke haɗuwa, ta kashe fiye da mutum 30, galibinsu makiyaya. Madatsa da noman rani alheri ne, babu mai musun haka a ƙasar da ke fama da fari, sai dai wanda ya tare ruwa ya sani ya yi wa sauro gida.

Wani lokaci kuma rashin dabba ne ke kawo cuta. Wanda ya manyanta ya tuna yadda ungulaye ke jeruwa a kan katangar mayanka da rufin rumfunan mahauta, suna jiran a watsar da tumbi, da yadda mushen jaki a bayan gari ba ya wuni biyu sai ƙashi. Yau a garuruwa da yawa yaro zai girma bai ga ungulu ba, saboda guba da kuma farautarta da ake yi don sayar wa masu magani, har ta shiga jerin tsuntsayen da ke daf da ƙarewa tun 2015. Indiya ta riga mu ganin ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 aka fara yi wa shanu allurar diclofenac, maganin da ke lalata ƙodar ungulun da ta ci mushensu, kafin a haramta shi ga dabbobi a 2006 fiye da kashi 95 cikin 100 na manyan ungulayen ƙasar sun mutu. Cikin ungulu yana narkar da ƙwayoyin cuta da yawa, kuma ba ta shiga gidan kowa. Da ta tafi, mushe ya riƙa ruɓewa a fili yana gurɓata ruwa, karnukan da ba su da masu su suka samu abinci suka yawaita, a ƙasar da dama ita ce kan gaba a duniya wajen mutuwa da ciwon haukan kare. Wani nazarin masana tattalin arziki da ya fito a 2024 ya ƙiyasta cewa rashin ungulu ya jawo ƙarin mutuwar mutane kusan rabin miliyan tsakanin 2000 da 2005. Gaskiyar magabata ce da suka ce ungulu ba ta jewar banza.

Ya kamata a bambanta abu biyu, tsallakowar cuta da bazuwarta. Annobar Ibola ta Afirka ta Yamma ta faro ne a Disamba 2013 daga wani ƙaramin yaro a ƙauyen Meliandou na yankin Gekedu a Gini, ƙauye mai gidaje 31, a wurin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haƙar ma'adinai da sarar katako sun cinye mafi yawan dajinsa. Masu binciken da suka je daga baya sun yi zargin wata bishiya mai kogo cike da jemagu inda yara ke wasa. Wannan tartsatsi ne kawai. Abin da ya mayar da shi gobarar da ta kama mutum fiye da 28,000 ta kashe fiye da 11,000 shi ne wata uku da aka yi ba a gane cutar ba, da zirga-zirga a kan iyakokin Gini da Laberiya da Saliyo, da asibitocin da yaƙi da talauci suka durƙusar. Da cutar ta sauka Legas a watan Yuli na 2014, likita Stella Adadevoh ta hana majinyacin da ya shigo da ita barin asibiti, aka bi sawun duk wanda ya yi hulɗa da shi, aka tsayar da ita a kan mutum 20, takwas suka rasu har da ita kanta likitar. Kula da muhalli yana rage yawan tartsatsi, asibiti mai aiki ne ke kashe wanda ya riga ya tashi, kuma ɗaya ba ya ɗauke wa ɗaya nauyi.

Duk lokacin da aka ambaci jemage, abin da ke fara zuwa ran mutane shi ne a kashe su a huta. An gwada. A 2007 cutar Marburg, 'yar'uwar Ibola, ta kama masu haƙar ma'adinai a ramin Kitaka na Yuganda, inda jemagu fiye da 100,000 ke zaune. A shekarar da ta biyo aka toshe ƙofofin ramin aka hallaka su. Bayan 'yan shekaru wasu jemagun daga wasu wurare suka sake cika shi, da aka auna su kuma sai aka tarar kason masu ɗauke da ƙwayar ya ninka na da fiye da sau biyu, a 2012 kuwa cutar ta ɓarke a garin Ibanda da ke kusa. An gudu ba a tsira ba. Ban da haka, jemagen da ke cin 'ya'yan itace shi ke watsa iri yana dasa daji a inda ba mai dasawa, mai cin ƙwari kuma yana rage wa manomi ɓarna, saboda haka kashe su ƙara tsaga bangon ne.

Akwai rashin adalci da nake gani a yadda ake ba da wannan labari, inda ake nuna hoton mafarauci riƙe da naman daji ko mace ɗauke da itacen girki a ce ga masu laifi. Mai saran itace don ya yi gawayi ya sayar ya ci abinci yana da nasa kason, amma gonakin kwakwar manja da na waken soya da filayen kiwon shanu na kasuwar duniya, da kamfanonin katako da na ma'adinai masu fasa hanya zuwa tsakiyar daji, su ne ke cin fili mafi girma. Ribar takan tafi birane da ƙasashen waje, cutar kuma ta fara da ma'aikacin garke da makiyayi da yaron ƙauye da ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibiti. Ba za a ce wa mai jin yunwa kada ya faɗaɗa gona ba tare da an nuna masa yadda zai ƙara amfanin wadda ke hannunsa ba, kuma ba za a raba mace da itace ba sai an sama mata abin girki da take iya saye.

Abin ƙarfafa gwiwa shi ne yawancin gyaran da ya yi aiki ba mai tsada ba ne. Malesiya ta raba itatuwan 'ya'ya da garken aladu, kuma tun 1999 ba ta sake ganin Nipah ba. A Ostareliya an samar da allurar rigakafin Hendra ga dawaki a 2012, masana kuma na kira a sake dasa itatuwan da ke fure da hunturu nesa da gonaki, domin jemagu su samu inda za su koma. Tsarin da ake kira Lafiya Ɗaya, wanda ke neman likitan mutane da na dabbobi da jami'in gandun daji su riƙa aiki tare, ma'anarsa a aikace ita ce idan makiyayi ya ce tumakinsa na ɓari, labarin ya isa asibitin mutane kafin mahauci ya kwanta. A wajenmu rumbu mai murfi da aka ɗaga daga ƙasa, da mazubin hatsi mai rufi, da shanya a kan gado maimakon gefen hanya, da rage ƙona daji, sun fi kusa da hannun talaka fiye da kowace allura.

Bangaladash ce ta fi nuna ƙanƙantar abin da kan raba rai da mutuwa. Tun 2001 Nipah ke kashe mutane a can kusan kowace shekara, ba tare da alade a tsakani ba, kuma takan hallaka fiye da rabin waɗanda ta kama. Da sanyi masu tatsar dabino kan hau bishiya da yamma su fere gefen wuyanta su rataya tukunyar ƙasa, ruwan zaƙi ya kwana yana ɗiga, da asuba a sauke a sayar a sha ɗanye. Da masu bincike suka kafa kyamarorin da ke gani cikin duhu, sai ga jemagu suna sauka suna lasar inda aka fere, wasu suna fitsari a bakin tukunya. Hukuma na gargaɗin a daina shan ruwan sai an tafasa, ga wanda kuma ba zai bari ba aka gwada ɗaura wani ɗan asabari na gora da ke rufe wurin firar da bakin tukunyar. A bishiyoyin da aka ɗaura shi da kyau, kyamarorin sun nuna jemagun suna zuwa su kewaya su tafi ba su taɓa ruwan ba.